Ramukan Bayan Ɗakin Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa ta ƙanwa ga yayanta, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya sanya albarka a cikin aikinka, ya ba ka kwanciyar hankali, ya raba ka da ciwon bayan nan da matarka ta ce yana hana ka sakewa. Na san kai ba za ka faɗa ba, tun muna yara ko ƙaya ka taka sai dai a gane a tafiyarka. Mu nan duk lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce dai takan yi mata gardama da safe, amma baki kam babu abin da ya same shi. Baban yara ya samu sauƙin hawan jinin tun da na hana shi sauraron labarai yana cin abinci. Babbar 'yata ta fara karatun aikin jinya, yanzu ko tari mutum ya yi a gidan sai ya amsa tambayoyi. Shago kuma yana tafiya. Tsohon keken ɗinkin nan ya ƙi mutuwa, ni ma na ƙi sayen sabo, muna nan muna lallaɓa juna.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, domin a waya kai ne mai magana, ni ce mai cewa to. Maganar katanga ce. Simintin da ka sa a kawo ya iso, da duwatsu da rodi, suna nan jibge a tsakar gida an rufe da leda. Maginin ma ya zo, wannan da muke kira Sai Gobe, kuma abin mamaki, ranar da ya ce zai zo ranar ya zo. Ni ce na dakatar da shi. Na san ka ce a gama katangar da za ta tare gaɓar kogi a bayan ɗakin Inna kafin ruwan sama ya sauka, kuma na san kana da gaskiya, domin ƙasar tana zaizayewa, bangon ɗakin ma ya tsage. Kafin ranka ya ɓaci, don Allah ka samu wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe, sannan ka yi mini faɗan gaba ɗaya in huta.

Ka san yadda muka taso da kogin nan. Tun ambaliyar da aka yi muna ƙanana, wadda ta sa marigayi Baba ya toshe ƙofar baya da bulo, unguwar nan kaf ta juya masa baya. Duk wanda ya sake gini sai ya fuskanci titi, kogi ya zama inda ake watsa shara da ruwan wanke-wanke, kuma da shi ake tsorata yaro mai yawo. Ni kaina na yi aure, na haihu, na yaye, ban taɓa tunanin akwai wani abin kallo a bayan gidanmu ba. Sai bara aka kawo wata malamar kimiyya makarantar unguwa, 'yar siririya mai saurin tafiya, ta kawo mini riga in rage mata hannu. Tana zaune tana jira sai ta tambaye ni ta ina ake sauka kogi. Na ce mata sauka kuma, me aka ajiye a can ban da tsofaffin takalma. Ta ce da safe ta ga zalɓe ya wuce ta saman makaranta, kuma zalɓe ba ya zarya a wurin da babu abinci. Ta roƙe ni in raka ta, wai duk wanda ke sa tufafi a unguwar nan ya san ni, idan aka gan ta tare da ni ba za a ce ta zare ba. Na bi ta ne don kunya kawai, ina tafe ina tsaki ina ɗaga zani.

Abin da ta fara koya mana shi ne zama shiru, kuma ka san a unguwar nan babu aikin da ya fi wannan wuya. Ta zaunar da ni a kan wani dutse ta ce kada in motsa, kada in yi magana. Da farko babu abin da na gani sai ledoji. Can sai wani abu da na ɗauka dutse ne ya miƙo wuya, ashe kififiya ce. Sai guza ya sulalo daga cikin ciyawa, ya dube mu, ya ga ba mu da wani amfani, ya wuce abinsa. Sannan wasu tsuntsaye suka zo, ƙanana, masu jan maƙogwaro da koren baya, launin da na shekara ina nema a kasuwar yadi ban samu ba. Suna cafke ƙwari a iska, suna komawa jikin gaɓa suna shigewa cikin ramuka. Malama ta faɗi sunansu na littafi, ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan, mu dai 'yan kwalliya muke ce musu. Daga ranar ban ƙara yin tsaki ba. Duk Asabar da safe muke sauka, yau mu kaɗan, gobe an ƙaru, har mai aski da mai kanti da matan layin baya suka shigo. Madubin hangen nesa guda ɗaya take da shi, ana miƙa shi hannu zuwa hannu, ana rigima a kan wanda ya daɗe.

Malama ta ce ita dabbobi ta sani, amma abin da kogin ya gani kafin a haife ta sai mutanen wurin, don haka aka ɗora mini aikin tattaro tsofaffi. Ka tuna Baba Mai Fito, wanda ke zama a ƙofar kanti yana gyangyaɗi? Mun taso muna kiransa haka ba mu taɓa tambayar me ya fitar ba. Da aka riƙo hannunsa aka sauko da shi, sai ya zama wani mutum daban. Ya sa aka tone wani tarin shara, sai ga matakala ta dutse tana gangarawa cikin ruwa, da wani ƙaton zoben ƙarfe inda ake ɗaure jirage. Ya nuna mana guntayen ginshiƙan tsohuwar gada, ya ce kafin a yi titi nan ce ƙofar unguwa, gidajenmu duk kogi suke kallo. Gaskiya yana ƙara gishiri, domin kadan da ya ce ya taɓa kokawa da shi kullum ƙara tsawo yake, amma matakalar dai mun taka ta da ƙafarmu. Wata tsohuwa kuma ta nuna mana duwatsun wanki, ta ce kowane gida da nasa. Inna ta ƙi saukowa, ta ce ba ta ajiye komai a can ba, amma da na matsa mata sai ta ce namu shi ne mai faɗi, mai ɗan kwarmi a gefen hagu inda kakarmu ke ajiye sabulu. Na je na same shi, na sa hannuna a cikin kwarmin, sai da na yi ƙwalla.

To, a nan ne muka tafka ta. Da abin ya shiga ran mutane, sai aka ce a sa rana a gayyato iyayen yara da mutanen tsallake su zo su ga abin da muke da shi. Ana cikin shiri aka tura Malama wani gari aikin duba takardun jarrabawa. Kafin ta tafi ta ce mana a kwashe shara, iyakar abin da ta ce ke nan. Amma ka san mu, idan baƙi za su zo ba ma barin ko yanar gizo. Aka kafa kwamiti, mai aski ya zama shugaba, aka fito da tsintsiya da fartanya da adda. Ledoji da gwangwanaye dai an kwashe, wannan ya yi kyau. Da aka gama sai aka ga ciyawar bakin ruwa ta yi tsawo, aka sare ta ƙasa-ƙasa. Aka ga wata tsohuwar bishiya da ta faɗa cikin ruwa tana ɓata wuri, maza suka ɗaura mata igiya suka ja ta waje, ana ihu ana tafi. Sannan wani ya ce ramukan jikin gaɓar nan ai macizai za su iya shiga, ga yara za su zo. Aka sa fartanya aka kwantar da gaɓar ta zama gangare mai santsi, abin da ya rage aka liƙe da taɓo. Ni ma ina wurin, Yaya, hannu a ƙugu, ina nuna musu inda bai daidaita ba. Idon tela gare ni, ba na son ganin abu a karkace. Na san 'yan kwalliya na shiga ramukan, amma a raina cewa nake ai tsuntsu ne, zai koma kan bishiya. Har farin fenti muka shafa wa duwatsu.

Ranar ta zo, aka jera benci, baƙi suka zauna, mai aski ya yi jawabi ya ce kowa ya yi shiru zai ga abin mamaki. Aka yi shiru, irin shirun da unguwar nan ba ta taɓa yi ba. Babu abin da ya fito. Babu kififiya, babu zalɓe, ko kwaɗo bai yi mana kara ba. Malama da safiyar ranar ta dawo, ta tsaya a saman matakala da jakarta a hannu tana kallon aikinmu. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta ce laifinta ne da ba ta yi bayani ba, ta ce ciyawar nan ita ce maɓoyarsu, bishiyar nan a ƙarƙashinta ƙananan kifi ke taruwa, ramukan kuma gidaje ne da 'yan kwalliya suka daɗe suna haƙa da bakinsu. Na tambaye ta ko akwai ƙwai a ciki lokacin da muka liƙe. Ta ce tana ganin lokacin bai kai ba. Ba ta rantse ba, ni ma ban sake tambaya ba. Baba Mai Fito ne ya rufa mana asiri da labarai har baƙi suka watse suna dariya, amma ni ranar ko abinci ban iya ci ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shekara da shekaru muna watsa wa kogin nan ƙazanta, halittun nan suka jure suka zauna, sai da muka so shi sannan muka kore su. Mun yi masa irin gyaran da muke wa ɗakin baƙo, ba mu tsaya mun tambayi wa ke zaune a ciki ba.

Wuri ɗaya ne fartanyarmu ba ta taɓa ba, shi ne bayan ɗakin Inna. Ba don son tsuntsu Inna ta hana ba, kada ka ɗauka haka. Cewa ta yi babu ƙaton da zai zo yana sara a gindin ɗakinta, kuma ta faɗa da irin muryar da ka sani, har shugaban kwamiti ya ba da haƙuri. Bayan 'yan makonni sai ta aiko a kira ni daga shago, wai wasu abubuwa sun hana ta barcin safe da surutu. Na zo na tarar ta sa an ɓamɓare kwanon da Baba ya buga a 'yar tagar baya tun shekarar ambaliya. Muka leƙa tare. Yaya, duk sun dawo nan. Jikin gaɓar da ke ƙarƙashin tagar ya cika da sababbin ramuka, suna ta shige da fice, ƙasa na zubowa. Yanzu haka sun ƙyanƙyashe, idan ka kasa kunne za ka ji 'ya'yan suna kuka daga ciki, iyayen na ta jigilar ƙwari tun safe har yamma.

Da ka ga Inna a kwanakin nan da ka yi mamaki. Matar da tun rasuwar Baba ba ta wuce gaisuwa da faɗa, sai ga shi ta ja kujera ta dasa a bakin taga. Ɗakinta ya zama wurin kallo, mutane na zuwa bi da bi, tana sa su cire takalmi su kuma rufe baki. Idan ta ga dama sai ta fara ba da labari, abubuwan da ni da ke tare da ita kullum ban taɓa ji ba. Ta ce ranar da ta fara zuwa unguwar nan a jirgin Baba Mai Fito ta tsallako, tana riƙe da gefen jirgin tana salati, shi kuwa yana girgiza shi da gangan. Ta ce Baba gwanin iyo ne, yakan tsallaka ya dawo kafin ta gama wanke riga ɗaya, kuma bayan ambaliya bai ƙara sa ƙafa a ruwa ba har ya koma ga Allah. Yaran makarantar Malama suna zuwa su zauna a ƙasa suna saurare. Ni kuwa sai in tsaya a bakin ƙofa ina jin labarin ubana kamar baƙuwa.

Ana cikin haka Sai Gobe ya zo da ma'auninsa. Ya duba ya ce babu yadda za a yi katangar nan sai an sassabe fuskar gaɓar, an haƙa harsashi daidai inda ramukan suke. Na kira Malama. Ta ce nan da 'yan makonni 'ya'yan za su tashi, amma ta faɗa mini a fili cewa ba za ta ce mu jira ba, ran Inna yana gaba da na kowane tsuntsu. Shi kuma magini ya ce ba zai yi mini alkawarin abin da ke hannun Allah ba, idan ruwan farko ya zo da ƙarfi bangon zai iya tafiya, zai kuma iya tsayawa. Abin da ya yi shi ne ya shafa ɗan siminti a kan tsagar bangon, ya ce in riƙa dubawa kullum, muddin bai fashe ba bangon bai motsa ba. Na yi kwanaki ina juya maganar, ina ɗinki ina kuskure, har na haɗa wa wata mata hannun riga a baibai. A ƙarshe na ga ba zan iya wasa da ran uwata ba. Na je na gaya wa Inna cewa zan ce wa magini ya fara, na ba ta haƙuri. Ta dube ni, ta ce ta ji.

Washegari na dawo daga shago da rana na tarar ɗakinta wayam, babu gado, babu akwati, sai kujerar nan a bakin taga. Sai na ji motsinta a ɗakinka. Ka san tun ranar da ka tafi ɗakin nan a kulle yake, mabuɗin yana wuyanta a jikin zare. Ita kaɗai ke shiga, duk mako ta share, ta kaɗe shimfiɗa, ta sake kullewa. 'Yata ta roƙa a ba ta ta riƙa karatu a ciki, aka hana. Baƙi sun sha kwana a tsakar gida ɗakin na nan a rufe, domin a cewar Inna mai shi zai iya zuwa kowane lokaci. To, shi ta buɗe, ta kira 'ya'yan maƙwabta suka kwance gadonka suka jingine, suka shigar da nata. Na same ta zaune tana ninke tsofaffin rigunanka tana sawa a akwati. Na tambaye ta me ke nan. Ta ce idan bango zai faɗi, ya faɗi a kan ɗakin da babu kowa, yanzu ba ni da hujjar taɓa ramukan nan. Ta ce waɗancan na ƙasa suna da 'ya'ya a gida yau, wanda take ajiye wa ɗaki kuwa bai ce ga ranar zuwansa ba. Ba cikin fushi ta faɗa ba, Yaya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na fita na je bakin famfo na daɗe ina wanke fuska.

Don haka ga abin da nake roƙo. Ka ba ni izini a jira har 'ya'yan su tashi. Yanzu babu rai a cikin hatsari, sai dai ɗakin, kuma na san ba ƙaramin abu ba ne, ɗakin da Baba ya gina da hannunsa. Idan ya faɗi, a kaina yake, ka faɗa wa duk wanda ya tambaya cewa ƙanwarka ce ta yi taurin kai. Simintin da aka shafa a tsagar har safiyar yau bai fashe ba, kullum ina dubawa kafin in tafi shago. Inna da rana takan lallaɓa ta koma bakin tagar, ina faɗa tana yi kamar ba da ita nake ba, amma ta yarda da zarar hadari ya haɗu za ta fito. Malama da Sai Gobe suna ta shawara a kan ko za a iya jan katangar ta matso ciki a bar fuskar gaɓar yadda take, ya ce abu ne mai yiwuwa amma zai ci wani sashe na ɗakin. Wannan kai ne babba, kai za ka yanke, ni iyakata in faɗa maka. Mutanen unguwa kuma sun bar ciyawa ta sake tsirowa, kuma bishiyar nan da aka ja waje da ihu, an sake ɗaura mata igiya an mayar da ita cikin ruwa, wannan karon babu mai tafi.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce mata yadin da ta aiko na ɗinka wa Inna, ya yi mata kyau har tana ɓoye shi. Ka gaishe da takwarar Inna da ɗan autanku, ka ce musu gwaggonsu tana tambaya ko sun san mahaifinsu ɗan bakin kogi ne. Baban yara da yaran duka suna gaishe ka, haka Kawu da iyalinsa, da Baba Mai Fito wanda ya ce har yanzu yana tuna ranar da ya tsamo takalminka. Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Ta ce kada in rubuta maka maganar ɗaki don kada hankalinka ya tashi, ga shi na saɓa mata, Allah ya yafe mini. Ba zan yi maka ƙarya in ce wannan takarda ta katanga ce kaɗai ba. Mabuɗin nan ta cire shi daga wuyanta, yana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, kuma duk lokacin da na gan shi a wurin sai in ji tsoro ya kama ni. Ka zo, Yaya. Ka zo kafin 'ya'yan tsuntsayen su tashi.

Wassalam.

Taka har kullum,
ƙanwarka mai ɗinki